Yadda Magawata Ya Kusa Soya Giwan Ruwa a Cikin Gulbi

Dalilin da ya sa giwan ruwa ba ya yarda rana tsaka ta same shi a fili, sai dai ka neme shi a gindin inuwa, can ƙasa inda ruwa ke da sanyi, ba tsoron shirwa ba ne, kamar yadda wasu ke gaya muku don su huta da tambaya. Ku gyara zama. Maganar ta faro ne daga wani mutum da ake kira Magawata, da tandun man kaɗe guda, da wata doka ta surukai. An daɗe ana ɓata wa bawan Allah suna a bakin gulbi, ana cewa rago ne, ɗan ƙwalisa. To, duk wanda Allah ya yi da kyau sai ya sha hassada. Mu da abin ya shafa mun sani.

A zamanin da, akwai amana tsakanin masunta da kifayen gulbi. Da asuba da yamma kowa ya yi ta kansa. Mai birgi, wato ragar jifa, ya jefa, mai ƙugiya ya saka, kifin da ya yi sakaci ya kwana a tukunya, babu mai riƙe wani a zuciya. Amma da zarar rana ta take, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, to an shiga hutu. Ba a jefa birgi, ba a saka ƙugiya, ba a ɗaga mashi. Wanda ya ci wannan amana, Sarkin Ruwa zai karya masa filafilin tuƙa jirgi a gaban jama'a, gulbi kuma ya haramta gare shi, da 'ya'yansa, da jikokinsa.

A lokacin hutun nan ne giwayen ruwa ke tasowa. Sai su jeru a saman ruwa suna shan rana, suna juyi kamar attajirai a kan tabarma. A wancan zamanin farare ne fat tun daga kai har wutsiya, suna walƙiya kamar sabuwar tasa. Ba su san wata aba wai ita inuwa ba, ba su kuma nemi sani ba. Ko da sun nema ma babu, don masu bandar kifi sun sare duk itatuwan bakin gulbi sun yi makamashi da su.

Shi Magawata mutumin Tungar Yashi ne, ya ba arba'in baya. Yana da gashin baki wanda babu irinsa daga nan har inda gulbi ya ƙare. Ba ya fita su da asuba, saboda raɓa tana kwantar da gashin baki. Kafin ya yi wanka, ya shafa mansa, ya murɗe dama ya murɗe hagu, ya zaɓi malfa ɗaya cikin malfunansa bakwai, masunta sun dawo sun sayar da kifi har sun manta da kuɗin. In wannan ne ragwanci, to kowa ya faɗi. Abin da ba sa faɗi shi ne, duk malfar da ke kansu da zanan da ya kewaye gidajensu, hannun Magawata ne ya saƙa.

Ya yi jinkirin aure, sannan Allah ya ba shi Tumba, 'yar wata tunga da ke ƙetaren gulbi. Da ta haihu, haihuwar fari, sai aka kai ta gidan uwarta, Inna Hajo, ta yi wankan jego. Al'adar masuntan nan kuwa ita ce, ranar arba'in, kafin rana ta faɗi, miji zai zo da giwan ruwa wanda ya kama da hannunsa. A rataye shi a jikin gungumen ƙofar gida, mai jego ta tsaya kusa da shi. In kifin ya kai tsawonta, a ɗaure mata kaya ta bi mijinta. In bai kai ba, ta zauna gidan iyayenta har damina ta wuce, gulbi ya janye. Kuma a shekarar nan arba'in ɗin ya faɗo a ƙarshen bazara, hadari har ya fara leƙowa daga gabas.

Tumba kuwa doguwa ce. Wannan ma laifin Magawata ne, don shi ya ce ba zai auri gajera ba.

Ranar kwana talatin da bakwai ya ƙetara ya je gaisuwa, ya durƙusa a bakin zana.

"Inna, barka da gida. Yaya mai jego?"

Inna Hajo ba ta dube shi ba, don suruka ba ta haɗa ido da suruki. Turmin da ke gabanta ta duba.

"Turmi, gaya wa baƙonmu muna lafiya. Ka kuma gaya masa jiya wani ya aiko mana da tarwaɗa uku. Na ɗauka yara ne suka yi wasa a fadama."

"Inna, tarwaɗun nan fa masu ƙiba ne."

"Turmi, gaya masa ko an ɗinke su ukun baki da wutsiya, ba za su kai gwiwar Tumba ba. Marigayi da ya zo ɗaukata, mutum huɗu suka kama masa kifin. Kuma shi ba shi da gashin baki."

Ta ɗauki taɓaryarta ta shige. Daga bayan zana sai ya ji muryar Tumba ƙasa ƙasa.

"Maigida, yarinyar nan fa ta fara murmushi."

"Hancin wa ta ɗauko?"

"Naka, Allah ya kyauta. Ka bar zancen hanci. In damina ta raba mu, sai tana rarrafe za ka gan ta, ta ga gashin bakin nan ta tsandara ihu. Ni kuma na gaji da ruwan zafi da kunun kanwa. Ina son ɗakina."

Magawata ya koma gida da wannan magana a ƙirjinsa. Washegari, karo na farko a rayuwarsa, ya fita tun da asuba. Raɓa ta yi masa abin da ya daɗe yana tsoro. Ya jefa birgi, birgi ya naɗe masa ƙafa. Ya saka ƙugiya, ƙananan kifaye suka cinye abin da ya maƙala suka bar masa ƙarfe. Giwan ruwa da asuba wayo gare shi, masuntan da suka tsufa a kan ruwa ma sai su yi wata ba su kama babba ba. Haka ya yi ta fama har rana ta take, sauran masunta suka koma tudu, suka bar shi shi kaɗai a tsakiyar gurbi, wurin da ya fi ko'ina zurfi.

Ya naɗe kayansa, don an shiga hutu. Ya gyara malfa. Sannan, da yake ko baƙin ciki bai kamata ya hana mutum kula da jikinsa ba, ya ciro tandunsa ya fara shafa man kaɗe a hannuwa.

Ruwa ya motsa. Giwayen ruwa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu shi ne babbansu, wanda ake kira Tsohon Gurbi. Tsawonsa ya kusa na kwalekwalen Magawata.

"A'a, Mai Gashin Baki," in ji shi. "Yau kuma ɓatan hanya aka yi? Na ji an ce tun asuba wani ke dukan ruwa da birgi, har yara suka ɗauka wanki ake yi."

"Baba, motsa jini na fito."

"Motsa jini. Labarin gungumen Hajo ya iso mana, ai ruwa ba ya ɓoye magana. An ce matarka sai ta sunkuya take shiga ɗaki. Sannu."

Giwaye suka yi dariya, ruwa ya yi ta kumfa. Magawata ya dubi waɗannan manyan kifaye kwance a gabansa, ko wanne ya isa ya dawo masa da iyalinsa, ko wanne kuma haram ne ya taɓa. Ya haɗiye yawu, ya ci gaba da shafa mai.

Tsohon Gurbi ya matso. Shi ma fa, in za a faɗi gaskiya, ɗan ƙwalisa ne. Duk gulbin an san babu mai walƙiyarsa, yau kuma ga damtsen ɗan Adam yana neman ƙure shi.

"Mene ne wannan da ke sa ka ƙyalli haka?"

"Wannan? Man kaɗe ne. Ba na kowa ba ne. Sai jiki mai asali yake karɓa."

"Kana nufin nawa ba shi da asali?"

"Ban ce ba, Baba. Na dai lura bayanka ya fara dusashewa. Shekaru ne, babu komai."

Masu ƙazafi suna cewa da gangan Magawata ya yi abin da ya biyo baya. Ƙarya ne. Mutum ne da in aka yaba kayansa ba ya iya riƙe hannunsa. Tsohon Gurbi ya jingina da kwalekwale, Magawata ya lakato mai ya shafe masa baya tun daga wuya har wutsiya. Da rana ta haska shi, sai ya zama kamar an kwantar da walƙiya a kan ruwa.

"Kai," in ji Tsohon Gurbi, yana juyi. "Ƙara mini a kafaɗa."

Nan take sauran suka yi layi. Wannan ya ce a shafa masa, wancan ya ce shi aka rage. Magawata ya manta da gungumen Hajo, ya shiga aiki yana ba da shawara, har ya kankare tandun da yatsa. Suka koma fili suka jeru, kowa na kallon ɗan'uwansa ta gefen ido.

Rana ce ta ƙarshen bazara, irin wadda ke sa yashi ya ƙone tafin ƙafa. Ba a jima ba sai Magawata ya ji wani ƙanshi. Ya ɗaga hanci. Ƙanshi ne da ya sani sarai, irin na rumfar mai suya ranar kasuwa. Ya duba tudu, babu hayaƙi. Sai ya ji wani ƙaramin sauti, cuwii, cuwii, daga bayan Tsohon Gurbi.

"Wane ne ke suya?" in ji Tsohon Gurbi. "Ƙanshin da daɗi."

"Baba," in ji Magawata a hankali, "ina jin kai ne."

Abin da ya biyo baya, gulbi bai taɓa ganin irinsa ba. Giwaye suka nutse, amma mai ba ya wankuwa da ruwa. Suka taso, rana ta sake kama su. Shirwa ta cika sama. Suka yi gabas suka yi yamma, babu itace, babu ciyawa, babu abin fakewa. Inuwa ɗaya ce tak a duk faɗin gulbin, ta kwalekwalen Magawata. Can suka cunkusu, har suka ɗaga shi sama. Wanda bai sami wuri ba, Magawata ya cire malfarsa ya riƙe masa a bisa kai. Bayansu duka ya yi baƙi, cikinsu ne kawai ya tsira da farinsa.

Wani matashin giwa ya jingina da gefen jirgin, numfashi da ƙyar. Magawata ya auna shi da ido. Ya kai tsawon Tumba har da rara. Ba a buƙatar ƙugiya, ba a buƙatar mashi, hannu biyu kawai zai zura a kunnuwansa ya jawo shi ciki. Babu kowa a kan ruwa. Har ya miƙa hannu. Sai ya tuna yarinyar nan mai hancinsa, ta girma a bakin gulbi ana nuna ta ana cewa gidansu ba sa taɓa ruwa. Hannun da ya miƙa, sai ya ɗebo ruwa da shi ya zuba wa kifin a baya.

Yana cikin haka sai ga jirgin Sarkin Ruwa Arzika, dattijo mai ƙarancin magana, ƙanshin ya taso shi daga barcin rana.

"Wa ke suya a tsakiyar gulbi lokacin hutu?"

"Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa," in ji Tsohon Gurbi daga ƙarƙashin kwalekwale, "ƙara na kawo. Mutumin nan ya soya ni da raina."

"Ranka ya daɗe, kwalliya na yi masa. Shi ya roƙa. Har cewa ya yi in ƙara masa a kafaɗa."

"Haka ne?" in ji Sarkin Ruwa.

Tsohon Gurbi ya ƙara shigewa ƙarƙashin kwalekwale. Wani giwan daga baya ya ce haka ne, sau biyu ma.

Sarkin Ruwa ya duba cikin jirgin Magawata. Birgi a naɗe, ƙugiya a bushe, babu ko ɗan kifi. Ya shafa gemu.

"Amana ba ta karye ba, filafilinka ya tsira. Amma ɓarna ta auku, kuma hannunka ne. Sai ka gyara."

"Ba abin da zai gyaru," in ji Tsohon Gurbi. "Bayana ko iska ce mai ɗumi ta taɓa shi sai in ji kamar garwashi. Gobe ma rana za ta fito, jibi ma haka. Mu ɗari ne da ɗoriya, ga jirgi ɗaya." Ya ɗaga ido ya dubi ƙasan jirgin. "Amma wannan abu da muke ciki, me kuka ce sunansa?"

"Inuwa."

"Inuwa. Kuna da irin wannan tun tuni, ba wanda ya taɓa gaya mana?"

Nan Magawata ya ga ƙofa. Ya murɗe abin da raɓa ta bar masa na gashin baki.

"Baba, inuwa ai sana'ata ce. Gobe kafin rana ta take zan kafa maka rumfa a kan gurbin nan, wadda za ta ɗauke ku duka. In kuma dasa muku itatuwa a gaɓa, don jikokinku. Ladana kaɗan ne. Ɗaya daga cikinku, mai tsawon Tumba."

"Allah ya kiyaye. Ni ba na miƙa ɗan'uwana da bakina."

"To shi ke nan. Ni zan koma gida, yunwa nake ji." Ya ɗauki filafili, ya ɗan tura jirgin. Inuwa ta gusa, rana ta taɓa wutsiyar Tsohon Gurbi.

"Tsaya mana, kai ba a ciniki da kai? Saurara. Ba zan ba ka kowa ba. Amma a cikinmu akwai waɗanda ba sa jin magana, makwaɗaita, ko dutse ka jefa sai sun ɗanɗana. Ga sharaɗi. Da rana tsaka, a cikin inuwa kaɗai, an yarda maka da ƙugiya ɗaya da igiya ɗaya. Ban da birgi, ban da mashi. Ban da surutu, don barci muke yi. Wanda kwaɗayi ya sa ya buɗe baki, shi ya kai kansa, ba mu da ƙara."

"Ban da surutu?" in ji Magawata.

"Ko tari."

Sarkin Ruwa ya ɗebo ruwa a tafin hannu, ya kurɓa, ya ba Magawata ya kurɓa, ya zuba ragowar a kan Tsohon Gurbi. Aka ƙulla.

Tun daga yammacin nan har hantsin kwana talatin da tara, mutumin da ake kira rago bai zauna ba sai don salla da ɗan runtsawa. Ya kwance zanan gidansa kaf, gida ya zama fili. Ya kafa dogayen sanduna a gefen gurbi, ya ɗaura zana a kai. Inda zana ya gaza, ya farke malfunansa shida ya toshe giɓin. Ya je can fadama mai nisa ya yanko rassan ɓaure da na giyayya, ya kakkafa a gaɓa. Maƙwabta suka tsaya suna kallo.

"Magawata, kifi za ka yi wa aure?"

"Ku dai ku ci gaba da tashi da asuba," in ji shi.

Da rana ta take, giwaye suka shige ƙarƙashin rumfa suka nutse can ƙasa. Ba wanda ya gode masa. Haka duniya take yi mana.

Ranar arba'in, ya kama 'yar karfasa mai rai, ya maƙala a ƙugiya, ya jira inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Da farko ya jefa a fili, inda ya saba ganinsu. Babu ko motsi, fili ya zama kufai. Ya matsa ya cilla tsakiyar rumfa, ƙugiya ta faɗa ruwa da ƙara. Kan Tsohon Gurbi ya ɓullo.

"Wane ne ke jifa? Ka ƙara ɗaya ciniki ya warware."

Magawata ya buɗe baki zai ba da amsa, don yana da amsa mai kyau ƙwarai. Ya rufe. Ya ja jirginsa baya, ya tsaya ta inda inuwarsa ba za ta faɗa kansu ba. Ya zura igiya a hankali daidai inda haske ya ƙare duhu ya fara, ya bar 'yar karfasa tana nutsewa kaɗan kaɗan, har ya ji igiyar ta yi sanyi a yatsunsa. Sannan ya zauna.

Ku da kuka san mutumin, kun san wannan ya fi masa kafa rumfa wuya. Ƙuda ya sauka a hancinsa, bai kore shi ba. Zufa ta bi gashin baki tana ɗiga, bai share ba. Ya tuna wani labari mai ban dariya, babu wanda zai ba, ya haɗiye shi. Can gabas hadari ya yi baƙi, inuwar sandunan rumfa ta fara leƙowa gefe, alamar lokacinsa ya kusa ƙarewa.

Sai igiya ta ɗan girgiza. Ta tsaya. Ta sake girgiza. Can ƙasa ya ji wata murya tana cewa, "Kada ka taɓa." Wata kuma ta ce, "Ɗanɗanawa kawai zan yi."

Igiya ta miƙe. Kwalekwale ya zabura kamar an harba shi. Kifin ya ja shi gabas, ya ja shi yamma, ya yi tsalle sama yana girgiza kai, ya faɗo ya jiƙa shi sharkaf. Malfa ta bakwai ta bi ruwa. Igiya ta yanke masa tafin hannu, bai saki ba. Jirgi ya kife a bakin gaɓa, suka ci gaba da kokawa a cikin taɓo, shi da kifi, har ba ka gane wane ne wane. Sai da la'asar ta yi sannan ya zauna a kansa yana haki.

Rana ta yi ja lokacin da ya iso ƙofar Inna Hajo, kifi a bayansa, wutsiya na jan ƙasa. Babu malfa, babu mai. Gashin baki ɗaya na kallon sama, ɗaya ya manne a haɓa. Mutanen tunga suka taru. Aka rataye kifin a gungume, wutsiya ta taɓa ƙasa.

"Turmi," in ji Inna Hajo, "tambayi wannan abin da ya fito daga taɓo ko shi wane ne."

"Ni ne, Inna."

"To. A kira Tumba."

Tumba ta fito da goyo a baya, ta tsaya a jikin gungume. Magawata ya duba. Kifi babba ne, babu mai musu, amma kan Tumba ya ɗara bakinsa da kamar yatsa huɗu. Can nesa aka yi tsawa.

Tumba ta dubi mijinta, ta dubi hannunsa da ke jini. Sai ta gyara goyo, ta ja zanenta, ta yi kamar wani abu ya soke ta a ƙafa. A hankali, a cikin zane, gwiwoyinta suka ɗan lanƙwashe. Kanta ya sauko, ya sauko, har ya daidaita da bakin kifin.

Duk wanda ke wurin ya gani. Inna Hajo ma ta gani, don idonta yana zura zare a allura ba tare da ta matso fitila ba. Ta daɗe tana kallon gwiwoyin 'yarta. Sannan, karo na farko tun da aka ɗaura auren, ta saci kallon surukinta.

"Turmi," in ji ta, "ni idona ya tsufa. Amma ina ganin kamar kifin ma ya ɗara ta kaɗan. Gaya masa ya kwashi iyalinsa su ƙetare kafin ruwan nan ya sauko. Ka kuma gaya wa Tumba ta miƙe haka nan, kada ƙafarta ta sage."

Aka yi guɗa. Tumba ta kwance goyo ta miƙa masa. Yarinya ta dubi fuskar nan mai taɓo da karkataccen gashin baki, ta kama ɓangaren da ke kallon sama ta ja, ta yi dariya. Suna sa ƙafa a Tungar Yashi ruwan farko ya sauko, ya same su a gidan da babu ko zana ɗaya, Tumba tana tambayar ina katangarta.

Rumfar ba ta wuce damina biyu ba, amma rassan nan sun kama, suka zama itatuwa, suka sunkuya a kan ruwa. Sauran masunta da suka yi dariya, da kaɗan da kaɗan suka fara zuwa da ƙugiyoyinsu da rana tsaka, ko wanne yana cewa shi dama ya daɗe da sanin dabarar.

Shi ya sa har yau bayan giwan ruwa baƙi ne, cikinsa fari. Shi ya sa da zarar rana ta take ba za ka gan shi a fili ba, sai a gindin ɓaure, ko ƙarƙashin jirgin da aka ɗaure, ko bayan dutse, can ƙasa cikin sanyi. In kana son sa a wannan lokaci, kada ka koma gida kamar masu cewa rana ta kashe su. Ka nemi inda haske ya ƙare duhu ya fara, ka zura ƙugiya ɗaya a hankali, ka kama bakinka. Masu hankalinsu za su bar ka ka gasu. Amma a kowace inuwa akwai guda ɗaya da ke cewa ɗanɗanawa kawai zai yi.